Lakwal ɗin Inna Hajjo

Ranar da Mardiya ta faɗi cikin aji tana shure-shure, kumfa na fita daga bakinta, ba wanda ya taɓa ta... Yara suka watse da ihu, har sai da uwarta Hajjo ta yar da ƙwaryar nono ta rugo ta rungume ta. Mardiya marainiya ce 'yar shekara tara, a wata ruga kusa da Attantane, kuma duk ajin ba mai kaifin kanta.

Wayyo duniya! Ƙanen ubanta, Bappa Attahiru, wanda ya riƙe shanun marigayi ya hana su ko maraƙi, shi ya bi gida-gida yana cewa farfaɗiya ana ɗaukarta ta miyau. Iyaye suka taso, suka ce ko a fitar da ita ko su janye 'ya'yansu. Ma'aikaciyar likita ta rantse ba a ɗauka, ta ba da magani, amma wa ya saurare ta? Aka rufe wa Mardiya ƙofar lakwal, wato makarantar boko.

"Ga awakina can, ta bi su," in ji Attahiru. "Mai faɗuwa ina ita ina boko?"

"Inna, ni me na yi musu?" Mardiya ta tambaya, hawaye na zuba. Hajjo ta share mata da bakin zane, ta ce, "Ba ki yi komai ba, ɗiyata. In Allah ya yarda za ki yi karatu, ko da a gindin gawon nan ne!"

To amma Hajjo ko baƙi ɗaya ba ta sani ba. Tana tallan nono a garin Mayahi ta riƙa lura da gidaje: wani gida malamin lakwal, wanda ake kira mushe, suke ɗauka ya zo da yamma, wani gida yayyen yara ke koya musu a zaure, a wani kuwa tsohon malamin lakwal, Mushe Moctar, shi ke karantar da jikokinsa da kansa. A ƙofarsa ta durƙusa. "Malam, ni za ka koya wa, in kai wa ɗiyata."

Haka aka yi. Kowace ranar kasuwa ta zauna cikin jikoki, suna mata dariya in harshenta ya karye a Faransanci, ta koma ruga da ƙafa tana maimaita karatun kada ya zube a hanya, ta koya wa Mardiya a allo. Attahiru ya fasa allon, suka koma rubutu a ƙasa. Ya kore su daga bukkar marigayi da damina tsaka, suka kafa wata a bakin gona, ruwa na dukansu, Hajjo na addu'a, "Ya Allah, kai ne gatan maraya..." Da karatun ya fi ƙarfin Hajjo, sai Mardiya ta riƙa aika tambaya, uwar ta dawo da amsa.

Bayan shekaru, Mushe Moctar ya sa sunan yarinyar a jarabawar sartifika ta gama firamare. Da sakamako ya fito, ita ce ta farko a cibiyar jarabawar! Wani babban jami'in ilimi ya tambaye ta gaban jama'a, "Wace lakwal kika yi?"

"Ta Innata," ta ce, ta nuna Hajjo.

Labari ya kai kunnen sarki. Aka kira Attahiru, dattawa suka ba da shaida, aka tilasta masa ya mayar da shanun marainiya har da abin da suka haifa. Kunya ta hana shi shiga kasuwa, ƙarshe ya tattara ya bar yankin.

Da safen da Mardiya za ta tafi kwalej, matan ruga suka taru suna guɗa. Cikinsu har da waɗanda suka sa aka kore ta, kowace riƙe da hannun ɗanta, suna roƙon Hajjo ta koya wa yaran karatu. Hajjo ta dube su, sannan ta gyara ɗaurin zanenta.

"Ku shimfiɗa tabarma," ta ce.