Ɗigo Biyu a Huhun Zebiniso

"Ki gaya min gaskiya, likita... ya bazu?"

Zebiniso ta yi tambayar idonta na kan hoton ƙirjinta. Likitar ta sauke numfashi.

"Ƙodar da muka cire, an yanka tsokarta an duba. Ciwon daji ne, ƙanwata. Ya bi jijiyar jini ya fita. Kin ga ɗigon nan biyu? A huhunki suke."

"Zan warke?"

"Akwai maganin da ke riƙe shi. Wasu yakan ba su shekaru. Ban isa in yi miki alkawari ba."

A bakin ƙofa Davron ke jiranta, saurayinta mai rina siliki, wanda ya baro garinsu Margilon ya biyo ta har Tashkent, babban birnin Uzbekistan.

"Yaya Davron, ka koma gida. Na sawwaƙe maka."

"Au! Ni rigar aro ce da za ki mayar?"

"Ba wasa nake ba..."

"Nima haka, hasken idona. Ni na kawo ki asibiti ranar da kika fara fitsarin jini. Yau ne zan gudu?"

Kuka ya ƙwace mata.

A Margilon kuwa, Mohira, 'yar gwaggon Davron da ta daɗe tana sonsa, ta riga ta kai wa mahaifiyarsa gulma, wai dangin Zebiniso sun san da ciwon suka rufe har aka yi baiko.

Ba a yi mako ba tsohuwar ta iso asibitin, fuska murtuk. Ko shayin da aka zuba mata ba ta taɓa ba.

Zebiniso ta riga ta magana, ta kira ta Xola, wato gwaggo, kamar yadda ake kiran dattijuwa a can.

"Xola, ciwon ya kai huhu. Ban san ko zan haihu ba, ban ma san ko zan ga baɗi ba. Ki tafi da ɗanki, ya ƙi jin tawa."

Tsohuwar ta daɗe tana kallonta.

"An ce min kin iya rufa-rufa."

"Da na iya, da na rufe miki wannan."

Tsohuwar ta matso kusa da ita.

"Wa ke dafa miki abinci a nan? Dubi yadda kika koma!"

Da bazara aka ɗaura auren. Mohira ba ta zo ba.

Washegari aka fito da amarya tsakar gida, ta rusuna wa dangin miji ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka saba. Tun ba a yi nisa ba numfashinta ya fara sarƙewa. Davron ya zabura, amma mahaifiyarsa ta riga shi. Ta ratsa mata ta riƙe kafaɗun amaryar.

"Ya isa, 'yata. Miƙe."

"Oyijon, uwata, saura ke ban gaishe ki ba..."

"Na yafe. Duk mai son gaisuwa ya taso da ƙafarsa."

Kakan Davron ne ya fara tasowa, yana dogara sandarsa.