Toron Sarauniya a Lambun Baba Ambrose

Sibil na yanka burodin kari mahaifinta ya faɗo ɗakin girki, hannu ɗaya riƙe da wando, ɗayan dafe da mazaunai. Hularsa ma a lambu ya baro ta.

Mama Dorcas ko juyowa ba ta yi daga bakin murhu ba. Ta ce, "Yau kuma ina ya kama, Maigida?"

"Inda ya kama jiya."

"To ka riƙa juya masa ɗaya gefen mana, wancan ya huta."

Baba Ambrose ya zauna a kan benci, ya miƙe zumbur, ya ci gaba da faɗansa a tsaye. Ya ce shi da gumin goshinsa ya sayi lambun nan na bakin Kogin Thames, bai taɓa ƙin biyan haraji ba tun zamanin Sarki mai mata shida, amma yau tsuntsu ne ke korarsa daga cikin kabejinsa.

Tsuntsun da ake magana toro ne, cikin manyan fararen agwagin nan masu dogon wuya, waɗanda duk na kogin mallakar Sarauniya ne. Wanda ya taɓa ɗaya, ko ƙwansu, sai kurkuku. Shi wannan toron tun da sanyi ya wuce ya tare a bakin lambun Baba Ambrose. Ba ya kula Dorcas, ba ya kula Sibil, maigidan kawai ya sa wa ido.

Abin da ya ƙara dagula al'amari, mai kula da agwagin Sarauniya a yankinmu shi ne Barnaby, dogon saurayi mai kunya, wanda ya daɗe yana neman dalilin tsayar da kwalekwalensa a daidai inda Sibil ke wanki. A wannan rana ce kuma ya ga dama ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya zo neman aure.

Baba Ambrose ya saurare shi a tsaye har ya gama in-ina. Sannan ya ce, "Na ji. Ba na son komai a hannunka, yaro. Abu ɗaya ne. Ka kawo mini wancan ɗan iskan a faranti, gasasshe, da albasa."

Barnaby ya ce, "Baba, rantsuwa na yi zan kare su."

"Wa zai sani? Ita Sarauniyar ƙirga su take kafin ta kwanta?"

"Ni zan sani, Baba."

"To je ka auri toron. Kada in sake ganin ƙafarka a gidan nan."

Sibil ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Abinci ma sai da uwarta ta tsaya a kanta. Dorcas ta ce, "Ki ci, ke. Ubanki in ya hau, ba a sauko da shi, barinsa ake ya gaji."

Bayan kwanaki Barnaby ya same ta a bakin ruwa tana matse zannuwa. Ya rame, gemu ya fito masa barkatai. Ya ce, "Sibil, ki shigo kwalekwalen nan mu wuce London. Akwai limamin cocin da ba ya yawan tambaya."

Ta daɗe tana kallon kwalekwalen, don ita ma zuciyarta ta raya mata hakan ba sau ɗaya ba. Sannan ta girgiza kai. "In tafi in bar Baba da abin kunya a kasuwa? Mafaɗaci ne, amma shi ya goya ni a wuya ya kai ni kallon ayarin Sarauniya ina ƙarama. Ba zan fita gidansa ta bayan gida ba."

"To ya za mu yi?"

Ta dubi toron, yana can yana huci shi kaɗai. Ta ce, "Kai ba ka lura ba? Tun da matarsa ta mutu a ƙanƙara ya zama haka. Dubi kanka ma, kwana nawa da hana ka mace, har ka fara kama da shi. Ka nemo masa mata. In ya samu, zai bi ta tsibirin can su ba mu lafiya."

Barnaby ya ga wannan magana ce. Ya yi tuƙi har sama da gada, ya dawo da wata budurwar agwagwa a cikin kwando, hannayensa duk tsaga. Toro ya ganta, ya lanƙwasa wuya, ya shiga yanga. Dabara ta ci, sai dai rabi. Amarya ta duba tsibiri ta ga bai yi mata ba. Ta hau tudu, ta zaga, ta zaɓi tsakiyar kabejin Baba Ambrose ta yi sheƙa, ta zuba ƙwai shida.

Da can toron bakin lambu kawai yake tsarewa. Yanzu har ƙofar baya ya hana buɗewa.

Ran da Baba Ambrose ya ji cewa dabarar 'yarsa ce, bai yi faɗa ba, abin da ya fi ba su tsoro ke nan. Ya ɗaure matashin kai a bayansa da igiya, ya kifa tukunya a ka, ya ɗauki fartanya ya nufi ƙofa.

Dorcas ta ce, "Je ka fasa. In suka kai ka kurkuku na huta da minshari."

Amma ta bar murhu ta biyo bayansa. Sibil ce ta riga shi ƙofar, ta durƙusa ta riƙe ƙotar fartanyar, hawaye na zuba.

"Baba, ka saurare ni sau ɗaya. In ka fasa ƙwan nan, dole Barnaby ya kai rahoto. In ya kai, ba zan iya auren wanda ya ɗaure ubana ba. In kuma ya rufe saboda ni, ya zama maƙaryaci, kuma ni na mai da shi. Ko ta ina na rasa shi, na rasa ka. Laifina ne suka shigo lambun. Ka dake ni da fartanyar, ka bar su."

Baba Ambrose ya dube ta ta ƙarƙashin bakin tukunya. Rabon da ya ga tana kuka haka tun tana 'yar yaye. Ya saki fartanyar. Ya ce, "Tashi, kina ɓata gwiwar riga." Ya koma ciki, ya cire tukunyar, amma matashin ya bar shi, don a nan ne ya fara samun damar zama.

Haka aka shiga zaman jira. Kabeji ya yi girma ya fashe a idonsa, yana kallo ta taga. Kowace safiya kuma sai a tarar da kwandon kabeji da albasa a ƙofar gaba. Kowa ya san daga lambun uwar Barnaby suke, ba wanda ya faɗa. Baba Ambrose kan ci faranti biyu, ya ce, "Wannan kabejin ba shi da ɗanɗano. Akwai saura?"

Sannu a hankali taga ta zama wurin zamansa. Ran da ƙwan farko ya fashe, shi ya fara gani. Ya kira Dorcas da raɗa, wai kada ta tsorata su. Ya ce ba wai sun burge shi ba ne, munana ne ma, toka-toka kamar tsumma. Da shaho ya yi shawagi a kansu, sai ga shi ya leƙo da rabin jikinsa waje yana kaɗa tsintsiya.

Da zafi ya kankama, jiragen ruwan babban mai kula da agwagi suka iso da tutoci, don yi wa 'ya'yan bana alama a baki. Barnaby na cikinsu. Babban, wani mai tumbi da jar riga, ya tsaya a bakin lambu ya tambayi mai filin. Baba Ambrose ya fito, ya riga ya fara rantsuwar cewa fartanyar ta noma ce.

Mutumin ya ce, "An shaida mana ka bar amfanin gonarka ya lalace don kada a tashi tsuntsayen Mai Martaba. Ka san al'ada. Wanda aka yi sheƙa a ƙasarsa ya kiyaye, ɗa ɗaya nasa ne." Ya miƙa masa ɗan tsako mai toka.

Baba Ambrose ya karɓa da hannu biyu. "Nawa? Na kaina? 'Yan'uwansa kuma na Sarauniya?"

"Haka ne."

Ya juya a hankali ya dubi maƙwabtan da suka taru a bakin shinge. Ya gyara tsayuwa. "Kun dai ji da kunnenku. Ni da Sarauniya kiwo muke tare."

Sai ya hangi Barnaby yana ɓuya a bayan tuta. "Kai, dogo. Me wannan abin yake ci?"

"Ciyawar ruwa, Baba, da ɗan hatsi."

"To wa zai riƙa nuna mini, kana can kana yawo a ruwa? Ka turo uwarka gobe a sa rana. Ka kuma gaya mata ta riƙa ƙara taki."

An ɗaura auren bayan girbi. A wurin walima Baba Ambrose ya miƙe da kofi a hannu, ya yi wa matasa nasiha mai tsawo, ya ce duk abin nan da suke gani haƙurinsa ne ya kawo shi, shi ya koya wa yaran. Dorcas ta ƙware da abin sha har sai da aka bubbuga mata baya.

Sibil ba ta gyara masa ba. Ta matse hannun mijinta a ƙarƙashin tebur, ta bar tsohon da yabonsa. Mu da muka ga abin mun san inda haƙurin yake: wurin yarinyar da ta ƙi sayen farin cikinta da kunyar ubanta, da saurayin da ya ƙi sayensa da karya rantsuwa. Sun jira, sun sami juna, ba su rasa kowa a hanya ba.