Sunan da Aka Cire Daga Wasiƙa

Tun asuba Setefano yake durƙushe a ƙofar gidansu Fetuao, lulluɓe da lallausar tabarmar neman gafara, wadda a al'adarsu ba a ɗagawa sai an yafe, danginsa na zaune a bayansa kai a sunkuye. Rana ta take, Fetuao kuwa tana bakin taga da waya a hannu, ko ɗigon tausayinsa babu a ranta.

"Jikalle, yaron nan fa zai narke," in ji Kaka Ferila tana kankare gwaza. "Ni ke ɗaga tabarma, amma sai kin ce."

"Bar shi ya dahu, Kaka."

Shekara biyu Fetuao ta yi tana nitso a gaɓar tsibirin Tutuila, tana dasa murjanin teku inda ya mutu, shi kuma yana tuƙa mata kwalekwale yana zuba mata daɗin baki. Jami'a ɗaya suka nema a Hawai'i. Bayan sun tura takardu sai aikin ya ci lambar yabo. Da yake ubansa ne kakakin ƙauye, Setefano ne ya miƙe ya karɓa a madadinsu kamar yadda aka saba, aka rubuta sunansa. Ita kuma kunya ta hana ta sanar da jami'a, don 'yar gidan mutunci ba ta yabon kanta. Uwarsa, wadda dama ba ta ƙaunar ganinsa da 'yar masunci, ta matsa masa lamba sai da ya aika musu labarin da sunansa shi kaɗai.

Shi aka ɗauka. Ita aka ce ta jira.

Yau ake rufe karɓar ƙarin bayani, kuma wasiƙarta a shirye take: hotuna, ranaku, sai layin ƙarshe da ya kira shi maƙaryaci. A gabansa take so ta tura, don haka ta fito.

"Fetu... ke ce?" muryarsa ta fito daga ƙarƙashin tabarma a dishe. "Na gane takunki."

"Kada ka kuskura ka gutsure mini suna. Ai ka iya share shi gaba ɗaya."

"Abar ƙaunata, ki saurare ni..."

"Kai za ka saurara. Da na danna nan, kai da jami'a sai a mafarki."

Hannunsa ya leƙo, ya turo mata wayarsa.

"Kin makara. Tun jiya na rubuta musu."

Ta karanta sau biyu. Ya faɗa musu wa ta yi nitso, wa ya riƙe filafili kawai, ya kuma ce ya janye, su duba takardunta.

"Ka yi me?" uwarsa ta zabura. "Setefano!"

"Zauna, Mama," in ji Kaka Ferila daga bakin ƙofa. "Ba a ɗaga tabarma ba tukuna."

Dole ta koma ta zauna a ranar.

Haushi ya turnuƙe Fetuao, ya ƙwace mata fansar da ta yi sati tana wasawa. Abin takaicin ma, har yanzu tana son shashashan. Ta goge layin ƙarshe, ta juya ta fuskanci uwarsa, ta yi abin da ba a taɓa jin budurwa ta yi a ƙauyen ba: ta karanta yabon kanta da ƙarfi, dashe bayan dashe, ba ta tsallake ko ɗaya ba.

"'Yar masunci ce ta yi duk wannan, Mama," ta ce, ta danna.

Sannan ta gyaɗa wa Kaka kai. Tsohuwa ta yaye tabarma, sai ga shi sharkaf da zufa, ido jawur.

"Kin yafe mini?"

"Gidanmu ya yafe. Ni kuwa, kamar jami'a, takardunka kawai na karɓa."

"To... me zan yi, zuciyata?"

"In sun kira ni, murjanina na hannunka shekara huɗu. Kai za ka yi nitson yanzu. Duk wata ka aiko mini da abin da ka ƙara, da hoto."

"Sai ki ɗauke ni?"

Ta miƙa masa ruwan kwakwa, ta bar yatsunta a kan nasa ɗan lokaci kafin ta janye.

"Sai ka jira," ta ce.