Kujera Ɗaya a Jirgin Tashar Marke

Jiya bayan sallar isha'i na tara 'ya'yan ƙanena Ilu su uku a kan tabarma, na ajiye ƙusa a gabansu. Ta baje, ta yi faɗi kamar bakin wuƙa.

Na ce, "Ta wane ne?"

Ramlatu ta dubi Mudi, Mudi ya dubi ƙasa. Babbansu, Nafi'u, ya ce, "Tawa ce, Gwaggo. Da safe na ɗora ta a kan layin dogo. Da la'asar na koma na tarar da ita haka."

"Me ya taka ta?"

"Jirgi mana."

"Jirgin gidanku? Shekara hamsin rabon da jirgi ya bi ta Tashar Marke. Ka ji kukansa yau?"



Na ce su matso. Na ce wanda ya katse ni zai sha ranƙwashi. Ga abin da na gaya musu.

Shekarar da na fara koyarwa, aji huɗu aka ba ni. Yara ashirin da shida, har da ubanku, yana ɗan shekara tara. A littafinmu akwai hoton jirgin ƙasa, da mutum riƙe da tuta biyu, kore ta wucewa, ja ta tsayawa. Wannan shafi sai da ya yi baƙi don shafa. Da an tashi tara sai su jeru, kowa ya kama rigar na gabansa, Ilu a gaba yana busa da baki. Ba wanda ya taɓa ganin jirgi a cikinsu. Suka dame ni, na ce to, ranar Alhamis mu je tsohuwar tasha.

A hanya muka gamu da Baba Tanko, tsohon leburan layi. Ya ce, "Malama, ku je ku gani, amma kada ki kira sunan kowa a kan dandamali. Can wurin kiran fasinja ne."

Na yi masa kallon jahili. Ni da na fito daga kwalejin horon malamai?

Rana tsaka muka isa. Rufin ofis ya zube. Marke ya tsiro a tsakiyar layi. Ƙarafan sun yi tsatsa, sai ɗaya, na gefen dandamali, yana ƙyalli kamar an goge shi da toka. Ba tsuntsu. Ko ƙuda babu.

Na jera su, na buɗe rajista. Ƙa'idata ke nan, ba na fita da yara ban kira suna ba.

"Asabe Garba."

Shiru. Tana tsaye a gabana, ta danne baki da hannu.

"Lawandi Isa."

Shiru. Iyayensu sun gaya musu abin da Baba Tanko ya gaya mini. Raina ya ɓaci. Na ɗaga tsumagiya, na ce yau zan ga mai taurin kai.

"Iliyasu Barau!"

Ya san hannuna a gida, ya san shi a makaranta. Ya ce, "Na'am, Malama."

Sai ƙarfen nan mai ƙyalli ya maimaita. Na'am, Malama. Daga ƙasa, a hankali.

Mudi ya ce, "Gwaggo, ƙarfe?"

Na ranƙwashe shi, na ci gaba.

Da na ɗago kai, ga mutum tafe daga yamma. Kaki, hula, tuta kore a hammata. A kan ƙarfen yake tafiya, ba ya ko tangaɗi. Ba sallama.

Ya ce, "Fasinja ɗaya."

Leɓensa bai motsa ba. Maganar ta tafin ƙafata na ji ta.

Na ce, "Ɗalibaina ne. Kai wane ne da za ka tsaya a kaina ba sallama?"

"An kira, ya amsa. An rubuta."

"Ni na kira, ni na rubuta."

"A kan dandamalina."

Na dubi ƙafarsa don in ga irin takalmin marar kunyar. Ba takalmi. Ba yatsu. Tafin ƙafar yana da kwari a tsakiya, ya hau ƙarfen daram kamar ƙafar tarago.

Na juya in tattara yara. Ilu ba ya cikin layi. Ya sauka, ya kwanta, ya manna kunnen hagu a ƙarfe. Yana murmushi.

Ya ce, "Yaya, ga shi nan. Ina jin sa."

Na dira na ja shi. Kamar an haɗa kunnen da walda. Tsakuwa ta fara rawa. Ƙaurin kwal ya cika hancina. Na duba yamma, ba komai sai zafin rana. Amma marken da ke tsakiyar layi ya kwanta, ya tashi, kamar abu ya bi ta kansa.

Mutumin ya zaro tutarsa kore, ya ɗaga.

Na ce, "Sauke ta!"

"Lokaci ya yi."

"Ina jar?"

"Ba a ba ni ja ba."

Ɗankwalina ja ne ran nan. Na fizge shi, na tsaya a tsakiyar layi, ƙanena a bayana, na ɗaga da hannu biyu. Ina karanta Ayatul Kursiyyu. Na ce, "In kai mai ƙa'ida ne, ga ƙa'ida!"

Ƙarfe ya yi ƙara har yara suka zube. Wani zafi ya tsaya a gaban fuskata, taku ɗaya. Yana huci. Tururi ya jiƙa mini riga. Ban ga komai ba.

Kunnen ya saki. Na wurga Ilu kan dandamali.

Mutumin ya naɗe tutarsa a hankali. Ya miƙo mini ɗan kwali, tikitin jirgi, hannuna ya karɓa ba da sona ba.

Ya ce, "Kin tsayar da jirgi, ba ki soke kujera ba. In bai hau ba, nasa ya hau."

Muka gudu, ba wanda ya waiwaya.

Nan na tsaya da labari. Na ce, "Yanzu kun san abin da ya sa sai an zagaya dama ake yi wa ubanku magana. Kunnen hagun bai sake ji ba."

Na kwance bakin zanena, na fito da tikitin. Na ƙona shi sau biyu, na jefa shi rijiya sau ɗaya, kullum a cikin rajistata nake wayar gari da shi. Shekara arba'in da ɗaya yana nan lafiyayye. Jiya da la'asar na duba, an huda shi, kamar yadda ake yi wa na fasinjan da zai hau.

Na ce, "Nafi'u, dube ni. Da ka je ɗaukar ƙusar, an kira ka?"

Ya ce, "An kira."

"Ka amsa?"

"Na ɗauka Baba ne. Na juya dai."

"Ka amsa ko ba ka amsa ba?"

"Ban amsa ba, Gwaggo. Tuwon madara ne a bakina."

Ramlatu ta yi dariya, ta ga fuskata, ta haɗiye.

Laifin farko nawa ne, ban taɓa musu ba. Amma takarda goma sha huɗu na rubuta wa ofishin da ke da alhakin wurin nan, kowace da kwanan wata. Abu biyu na nema: a cire ƙarfen, a katange tashar. Wani yaro mai ɗaurin wuya a ofishin, wanda ni na koya wa uwarsa baƙi, ya ce in je in huta. Yanzu kuma na ji suna shirin share wurin su sa lilo, wai yara na son jirgi. Gobe zan koma da ƙusar da tikitin, in ajiye a kan teburinsu. Wanda ya ce tatsuniya ce, ya biyo ni dandamali rana tsaka, in kira cikakken sunansa.

Kafin nan Nafi'u a ɗakina yake kwana, jan ɗankwalin a ƙarƙashin matashina. Na gaya musu, ina gaya wa duk mai ɗa a garin nan: kada yaro ya bi hanyar tasha, shi kaɗai ko cikin taro. In an kira sunanka daga yamma, ko da muryata ce, ka rufe bakinka.