Tsutsa Mai Fararen Ƙwayoyi

A wani zamani, tsutsotsi suka faɗa wa lambun kabejin wata tsohuwa, wanda da shi ita da jikarta suke ci. Kullum jikar tana tsince su tana murƙushewa, kullum suna ƙaruwa.

Wata safiya yarinyar ta ga wata tsutsa ta sandare a kan ganye, bayanta cike da fararen ƙwayoyi kamar shinkafa. Ta ɗauki dutse.

Kakar ta ce, "Dakata, 'yar nan. Ki ba ta kwana bakwai."

"Kaka, lambun zai ƙare!"

"Ki ba ta kwana bakwai."

Yarinyar ta ajiye dutsen. Kullum sai ta zo ta duba, ranta ya ce ta murƙushe, kullum sai ta haƙura.

A rana ta bakwai ƙwayoyin suka buɗe, 'yan mitsi-mitsin zanzaro suka fito. Wata macensu ta sauka a kan wata tsutsa ta soke ta.

Kakar ta ce, "Ƙwai ta zuba mata. 'Ya'yanta za su ci tsutsar daga ciki, su fito su saƙa fararen ɗakunansu a bayanta, su ne ƙwayoyin da kika gani."

Yarinyar ta riƙe baki. "Ikon Allah! Ɗan wannan abin?"

Kafin wata biyu, zanzaro sun gama da tsutsotsin, sabon ganye ya fito babu huda ko ɗaya.