Shiga Ba Sallama

Ran da Safiyanu ya fara shigowa biron Alhaji Harouna da takardun duwan, wato kwastan, na kamiyonsa, Khaulat ce ta karɓa. Ya ɗora mata abarba guda daga Kwatano a kan takardun. Tun daga nan sunanta a wurinsa ya koma "Abarbata".

Biron na masu fitar da kaya ne a bakin gadar Gaya. Alhaji ya raba wa ma'aikatansa telefon, ya ce su yi aiki da ita, su yi harkar gabansu. Ashe kyautar da ƙugiya a ciki. Duk saƙon da ya shiga ko ya fita yana faɗawa ordinatarsa, wato kwamfutarsa, kuma bai gaya wa kowa ba. Wannan ba kula da aiki ba ne, leƙen asiri ne tsagwaronsa.

"Abarbata, na wuce Malanville. Kin ci abinci?" Safiyanu ya rubuto wa Khaulat.

"Na ci. Ka bi a hankali, Shofer ɗina."

Wata safiya Alhaji ya ce a gaban kowa, "Abarba, miƙo min takardun can." Biro ya kwashe da dariya. Khaulat ta ji kamar ta nutse.

"Ka mai da ni abin hira a tasha," ta rubuta wa Safiyanu.

"Wallahi ko Innata ba ta san sunan nan ba."

Ba ta yarda ba, ta daina amsa shi.

Alhaji kuwa ɗansa Bilal yake yi wa kamun Khaulat. Ya taka har Tounouga wurin mahaifinta Malam Yacuba, wanda dama ya ƙi Safiyanu, wai shofer hanya ce gidansa. Alhaji ya zauna a zaure ya dinga karanto saƙonninsu ɗaya bayan ɗaya, Khaulat na bayan ƙofa tana ji. Nan ta gane wanda ya tona ta, hawaye suka zubo mata.

Har ya kai kan wani: "In Baba bai yarda ba zan jira, Abarbata. Ba na shiga gidan mutum sai ta ƙofa."

"Dakata, Alhaji," in ji Malam Yacuba. "Ita ta ba ka ka karanta?"

"Telefon ɗin tawa ce."

"Ɗakin da take kwana ma ni na gina shi. Tun da ta girma ban taɓa shigarsa ba sallama ba. Yaron nan ya san ƙofa. Kai ne ka hauro katanga."

Washegari Khaulat ta ajiye telefon a teburin Alhaji, ta bar masa aikinsa. Da wayar ƙanwarta ta rubuta: "Ka yafe min, Shofer ɗina. Baba ya ce ka turo manya."

Bayan girbin shinkafa aka ɗaura aure. Malam Yacuba ya dafa kansu ya ce, "Allah Ya rufa muku asiri, Ya ba ku zuriya ta gari."

Alhaji dai ba a kai masa goron gayyata ba. Ai ya saba jin labari ba tare da an gaya masa ba.