Takardar da Ta Tsaya a Layi

Ranar da mai gyaran ya fara shigowa ofishin, Auta tana durƙushe a ƙarƙashin tebur tana laluben wayar firinta. Mutum huɗu na zaune a kan benci suna jiran takardunsu, Baba kuwa ya goya hannu a baya yana hararar kwamfutar kamar zai tsawatar mata.

Ofishin ɗaki ɗaya ne a saman bene, tsakanin shagon tela da na mai gyaran agogo. Shekara ashirin Baba yana rubuta wa mutane takardu a nan, ta neman aiki, ta koke, ta neman makaranta. Da idonsa ya yi rauni sai 'yarsa Auta ta karɓi bugawa, yana faɗa tana rubutawa. Su biyu suka rage a gida tun rasuwar mahaifiyarta.

"Salamu alaikum. Ni ne mai gyaran da tela ya kira."

Ta fito da sauri har ta bugi kanta da tebur. Dogon saurayi ne mai sanyin murya, da 'yar jaka a kafaɗa. Ya ce mata sannu ba tare da ya yi dariya ba, abin da ya fara burge ta ke nan.

Ya kashe firintar ya kunna, ya duba haɗinta da intanet ɗin ofis, sannan ya buɗe wani ɗan shafi a kwamfutar.

"Firintar lafiyarta ƙalau," ya ce. "Kin ga inda aka rubuta Offline? Kin ga wannan 'yar alamar? Idan hannu ya kuskure ya danna ta, kwamfuta sai ta ɗauka firinta ba ta nan, ko da tana gabanta a kunne. Duk abin da kika tura sai ya tsaya a layi yana jira."

Ya cire alamar. Nan take takardu suka fara fitowa, mutanen benci suka yi hamdala. Da zai tafi ya rubuta lambarsa a bayan wani kati ya ajiye mata.

To, bawan Allah bai san ya koya mata abin da bai kamata ba. Kwana tara ta daure. A na goma, Baba ya fita salla, ta buɗe shafin nan, ta mayar da alamar da hannunta.

Ta kira shi. Ya zo ya cire ta a cikin minti ɗaya, ya ɓata minti ashirin yana goge gilashin firinta da ba shi da datti. Da yamma saƙonsa ya shigo.

"Autar Baba, ina fata kan da kika buge ya warke."

"Ya warke tuntuni, Injiniya. Yanzu ka tuna da shi?"

"Ban taɓa mantawa ba. Hanyar tambaya ce ban samu ba."

Daga nan hira ta ƙullu. Ya ba ta labarin yadda ya koyi gyara a wurin kawunsa, ita ta ba shi labarin mahaifiyarta, har da abin da ba ta taɓa faɗa wa yayyenta ba. Tana son shi, so mai tsanani, amma ta san Baba ba ya sakin fuska ga duk wanda ya zo wurinta. Hanya ɗaya ta ganin Injiniya ido da ido ita ce alamar nan. Ta danna ta sau uku, ta danna sau huɗu.

A ƙasan benen akwai mai sayar da wayar hannu, ɗan abokin Baba, wanda ya daɗe yana aiko da gaisuwa Auta tana kau da kai. Shi ne ya hau ya zauna kusa da Baba yana cewa, "Baba, ai masu gyaran nan haka suke. Su gyara rabi su bar rabi, don a sake kiransu. Wannan kuma ba firinta kaɗai ke kawo shi ba."

Ranar zuwan Injiniya na biyar, benci cike da mutane, Baba ya tare shi a bakin ƙofa.

"Yaro, shekara ashirin ina nan ban taɓa ha'intar kowa ba, kuma ba na hulɗa da maha'inci. Kana lalata mini kaya da gangan don ka samu hanyar zuwa wurin 'yata. Kada in sake ganin ƙafarka a nan."

Injiniya ya dubi Auta sau ɗaya. Ita ta sunkuyar da kai.

"Allah ya huci zuciyarka, Baba," ya ce, ya juya ya sauka.

Maganar Baba tana da nauyi a layin. Kafin wata ya ƙare tela ya daina kiran Injiniya, makarantar da ke ƙarshen titi ma ta nemi wani. Auta ta rame, abinci ya daina yi mata daɗi. Ta rubuta masa saƙo.

"Me ya sa ba ka faɗa masa ba? Ni ce nake dannawa."

"Tun zuwa na biyu na sani, abar ƙaunata. Alamar nan ba ta danna kanta sau huɗu. Amma ba ni zan zubar miki da mutunci a gaban mahaifinki ba. Idan maganar za ta fito, daga wurinki za ta fito."

Sau nawa ta zauna gaban Baba da niyyar magana, sai ya riga ta da abin da ya saba faɗa: "Autata ba ta taɓa yi mini ƙarya ba." Sai ta haɗiye maganar, ta tashi ta shiga ɗaki ta yi kuka.

Wata rana da azahar, Baba ya fita, ta zauna ta rubuta komai da manyan haruffa yadda idonsa zai iya gani. Ta sa wa takardar suna Zuwa ga Baba. Ta runtse ido ta tura.

Firinta ba ta motsa ba. Ta duba, kwamfuta ta nuna Offline. Ta buɗe shafin, babu alamar. Wannan karon lalacewar gaske ce, domin da safe masu intanet sun zo sun canza akwatinsu. Takardar tana nan a layi, ta farko. Ta kai hannu za ta goge ta, sai ta kasa, ta rufe shafin ta bar ta.

Kwana biyu ofis a tsaye. Mai sayar da waya ya hau da ƙarfin gwiwa, ya cire wannan ya soka wancan har gumi ya jiƙa masa riga, ya ce sai dai a sayi sabuwa. A rana ta uku wata dattijuwa ta zauna a benci ta ƙi tafiya, domin takardar neman makarantar jikarta ce, kuma gobe za a rufe karɓa. Baba ya daɗe yana kallonta, sannan ya leƙa ya ce wa tela, "Kira mini yaron nan."

Ya zo. Shi ma ya rame. Ya gaida Baba har ƙasa, bai dubi Auta ba. Ya haɗa firintar da sabon akwatin, ya karanto wata lamba a ɗan gilashinta.

"Sabon akwati ya ba ta sabuwar lamba," ya ce. "Kwamfuta kuwa tana can tana nemanta a tsohuwar."

Kafin ya shigar da lambar ya buɗe layin takardu, kamar yadda ya saba, don ya goge waɗanda aka tura sau biyu. Takarda tara ce. Idonsa ya tsaya a kan ta farko. Ya juyo ya dubi Auta.

"Ta farkon nan fa? In goge, ko in bari?"

Kalma ɗaya Auta za ta faɗa asirinta ya rufu, ta kuma san zai goge ba tare da ya taɓa yi mata gori ba. Ta dubi kwalar rigarsa da ta yi masa yawa saboda rama.

"Bar ta ta fito."

Firinta ta yi ƙara, ta turo takardar. Auta ta ɗauka da hannu biyu ta miƙa wa Baba, ta durƙusa. Ya matsa kusa da taga ya kai ta dab da fuskarsa.

"Baba, ni ce nake hana firinta aiki da hannuna, don ina son in gan shi. Bai taɓa lalata komai ba. Ya sani, ya yi shiru don ya rufa mini asiri. Na bari an ci mutuncinsa a gabana. Ka yafe mini."

Baba ya karanta sau biyu. Ya ninke takardar ya sa a aljihu.

"A fara ba wa baiwar Allah nan takardarta," ya ce.

Da dattijuwar ta tafi, ya kama hannun Injiniya. Ya kai shi shagon tela, ya kai shi na mai agogo, ya sauka da shi har ƙasan bene, ya taka da shi har makaranta. Ko'ina magana ɗaya yake yi: "Na zargi yaron nan a gaban mutane, a gaban mutane zan wanke shi. Ni ne na zalunce shi." Bai ambaci sunan 'yarsa ko sau ɗaya ba.

Kwana uku bai yi wa Auta magana ba sai ta aiki. A na huɗu, suna rufe ofis, ya ce, "Ba son da kika yi ne ya ƙona mini rai ba. Shirun da kika yi ne ana cin zarafin bawan Allah." Ta fashe da kuka. Ya ɗora hannu a kanta. "Na yafe miki. Mutumin da ya ɗauki zargi don ya rufa miki asiri, shi zan iya bar wa ke in na bi mahaifiyarki. Ki ce ya turo manyansa."

Bayan wata uku aka sa rana. Auta ta tsara katin gayyata a kwamfutar nan, Baba ya ce shi zai tura da kansa. Injiniya ya riƙe masa yatsa ya kai shi kan maɓallin. Kati ya fito da ɗuminsa, da sunayensu biyu a jere.

Ranar ɗaurin aure, bayan jama'a sun watse, Baba ya kira su, ya ciro tsohuwar takardar nan daga aljihunsa ya danƙa wa ango.

"Ka ajiye. Duk ranar da ta ɓata maka rai, ka tuna ita ce ta ce a bar ta ta fito. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai gaskiya."

Suka amsa da amin, Auta tana share hawaye da gefen mayafinta.